Hoton Baba da Gidan Sauro

Mai shagon buga takardu ya take gefen ƙyallen tallan da ƙafarsa, ya ce wa Auta ta ja ɗaya gefen a hankali, fentin bai gama shan iska ba. Ta riƙa ja tana tafiya da baya har ta jingina da injin. Rubutun ne ya fara fitowa da manyan jajayen baƙaƙe: KADA KA KASHE RUWAN 'YA'YANKA. Sai gidan sauro jiƙe sharkaf, maƙil da 'ya'yan kifi sirara kamar allurai. Sai hannuwa biyu riƙe da shi. Sai fuska.

"Malama, kin ga aiki ko?" in ji mai shagon. "Dubi idon tsohon nan. Ko a mafarki na gan shi na san ɓarawon kifi ne. A ina kuka samo shi?"

Auta ta ƙura wa hoton ido. Fuskar mahaifinta ce, ta fi ƙofar shagon faɗi, an gicciya jan layi biyu a kan ƙirjinsa.

Ita ce ta kai mai ɗaukar hoto bakin ruwa watan da ya wuce. Ƙungiyar da take wa aiki tana wayar da kan jama'a kan haramtaccen kamun kifi da saran daji, kuma da aka ce ana neman masunci dattijo mai mutunci, ba ta yi dogon tunani ba. Baba ne mutumin da in ya ga matashi ya tsoma gidan sauro a ruwa, yakan bi shi har gida ya yi magana da uwarsa. An ɗauke shi da tarunsa mai manyan ido, yana dariya. Daga baya mai hoton ya ciro wani gidan sauro da jami'ai suka ƙwace, ya ce, "Baba, ɗan riƙe mana wannan mu nuna wa mutane abin da ba a so. Hannu kawai zai fito." Baba ya riƙe, yana harararsa kamar an miƙa masa mushe. Wannan hararar ce mai shagon yake kira idon ɓarawo.

"Ina na saran itacen?" Auta ta tambaya.

Ya warware mata ƙyalle na biyu. Kututture ne shi kaɗai a fili, rana na faɗuwa a bayansa. Babu mutum, babu injin yanka, babu motar ɗaukar gungume. A ƙasan duka ƙyallayen biyu an jera tambarin masu tallafi: na ƙungiyar waje mai ba da kaso mafi tsoka, kusa da shi kuma na wani kamfanin katako na cikin gari, wanda ya shigo bana don masu tallafin sun ce dole a samu ɗan gida da zai sa hannu a aljihu shi ma.

"Ƙananan takardun mannawa a bango fa, ka buga?"

"Ina jiran Shugabanku ya ce bismillah."

"Don Allah ka dakata zuwa gobe."

Mai shagon ya dube ta ta saman tabarau. "Ke kika faɗa, ko shi ya faɗa?"

"Ni na faɗa."

"To, dama injin yana ta tari tun safe," ya ce, ya fara naɗe ƙyallen.

A cikin bas ta tsayar da naɗin tsakanin gwiwoyinta, kansa yana dukan rufi duk sanda aka faɗa rami. Wata mata a gefenta ta tambaye ta ko labule ne. Ta ce eh. Abin da ke cin ta shi ne taron da aka yi a bakin ruwa kwanaki kaɗan bayan ɗaukar hoton. Shugaba ya yi jawabi, aka yi tafi, sai Baba ya miƙe ya ce yana da tambaya. Ya ce su masunta sun ji, kuma za su kiyaye. Amma motocin gungume da ke wucewa ta bayan kasuwa kullum, waɗanda suka aske tudun da ke riƙe gaɓar ruwa har laka ta cike wurin da kifi ke ƙwai, su wa zai yi musu jawabi? Mutumin kamfanin katako yana zaune a kujerar gaba. Shugaba ya yi dariya ya ce tambaya ce mai kyau. Auta ta lura ranar Shugaba bai karɓi kifin da aka ba shi tsaraba ba.

Ko dai ita ce ke haɗa abin da bai haɗu ba? Mai hoto yana iya yin kuskure. Amma kuskure ba ya zana jan layi biyu.

Ta tarar da ofis a hargitse. An aro kujeru daga maƙwabta, mai shara tana goge gilashin da ba a taɓa gogewa ba, domin wakiliyar masu tallafi za ta zo bayan la'asar ta ga aikin shekara, daga nan a san ko za a sabunta tallafi ko a'a. Shugaba yana tsaye gaban fanka yana busar da rigarsa.

"Yawwa, kin karɓo? Ya yi kyau ko?"

"Yallaɓai, mahaifina ne a jiki."

"Na sani mana. Ai ke kika kawo mana shi, Allah ya yi miki albarka."

"An ce hannu kawai zai fito."

Ya kashe fankar, ya zauna, ya nuna mata kujera. Ba ta zauna ba.

"Auta, mutanen nan ba sa buɗe jaka don hannu. Fuska suke so. Na tura wa wakiliyarsu hotuna da yawa, wannan ta zaɓa."

"Har da wanda yake riƙe da tarunsa aka tura?"

"An tura abin da aka tura," in ji shi, yana gyara agogon hannunsa. "Kuma ta yi murna ƙwarai. Har ta ce ranar ƙaddamarwa a kawo shi ya gaya wa jama'a yadda ya tuba."

"Ya tuba daga me?"

"Ke dai kin cika tsaurin kai, kamar wani da na sani. Magana ce ta minti biyu. Wa ya rasa abin tuba a duniya?"

"To na saran daji fa, Yallaɓai? Me ya sa babu fuskar kowa?"

Ya yi murmushi, amma idonsa bai yi ba. "Kututture ba ya kai mutum ƙara kotu." Sannan ya sassauta murya. "Ki saurare ni. In matar nan ta tafi ba ta gamsu ba, ni da ke da direba da baiwar Allahn can mai goge gilashi, duk titi za mu koma. Shirin rediyo ya tsaya, zagayen ƙauyuka ya tsaya, kuma gidan sauro ya koma ruwa. Mahaifinki zai so haka? Ɗauki ƙyallen ki kai zauren taro a rataya kafin ta iso."

Abin da ya fi ba ta haushi shi ne rabin maganarsa gaskiya ce. Tun da aka fara shirin rediyon, masu zuba guba a ruwa sun ragu, Baba da kansa ya shaida. Ta saɓa ƙyallen a kafaɗa ta fita. A bakin titi motar da ke zuwa zauren taro ta tsaya, ta ƙyale ta ta wuce. Ta shiga mai zuwa bakin ruwa.

Rana ta take tsaka, yawancin jirage sun dawo. Mata suna fasa kifi a kan benci, hayaƙin banda yana kwance a kan rumfuna. Baba yana inda ya saba zama, a inuwar wani tsohon jirgi da aka kifa, taru a shimfiɗe kan cinyarsa, ya maƙale gefensa da babban yatsan ƙafa yana ɗinke wurin da ya yage. Yayanta, babban ɗan gidan, yana kusa yana kwance injin jirgi.

"Auta da rana tsaka?" in ji Baba. "Ko an kore ki ne?"

"Tukuna dai, Baba."

Ta zagaya bayan jirgin inda idon mutane ba ya kaiwa, ta warware ƙyallen a kan yashi, ta danne kusurwoyinsa da duwatsu. Yaya ne ya fara leƙowa, hannunsa duk baƙin mai. Ya karanta, ya sake karantawa.

"Nawa suka ba ki?"

"Yaya!"

"Tambaya na yi. Tun ranar da kika shigo da mai hoton nan na ce ruwa ba ya tsami banza. 'Yar boko ta sayar da ubanta a kan albashi. Gobe a manna wannan a kasuwa, wane yaro ne zai ƙara jin maganarsa? Su ce, tsoho, kai da aka kama?"

"Da na sayar da shi, nan zan kawo?"

"Wa ya sani ko an aiko ki ne ki lallashe shi?"

"Kai, koma kan injinka," in ji Baba, ba tare da ya ɗaga murya ba. Yaya ya ja baya, amma bai tafi ba.

Baba ya ajiye tarun, ya taso yana dafa gwiwa. Ya daɗe a tsaye yana kallon kansa. Bai iya karatun boko ba, kuma bai ce a karanta masa ba.

"Wannan jan layin na san shi," ya ce. "Shi malaminku yake yi muku a littafi in kun faɗi." Ya juyo gare ta. "Kin san za a yi haka?"

"Wallahi ban sani ba, Baba."

Ya dube ta har sai da ta ji kamar ta sunkuyar da kai, amma ta daure ba ta sunkuyar ba. Ya gyaɗa kai.

"Shugaban naku ne, saboda maganar motocin gungume?"

"Haka nake zato. Ba ni da shaida. Ya ce baƙuwar ce ta zaɓa."

"In ba a rataya ba fa?"

Ta gaya masa duka, har da shirin rediyo, har da mai goge gilashi, har da tuban da ake so ya yi a gaban jama'a. A nan ne kawai ya yi 'yar dariya ta hanci.

"To ni me zan ce miki? Aikinki ne. Fuskar kuma tawa ce, amma na tsufa da ita, ba ta da sauran kasuwa."

Ya koma ya zauna ya ja tarunsa. Auta ta gane ba zai roƙe ta ba, ko da za a manna hoton a ƙofar masallaci. Ta tsaya tana jin wayarta tana rawa a jaka, ta san Shugaba ne. Sai ta durƙusa kusa da mahaifinta, ta ɗauki 'yar wuƙar da yake yanke zare da ita, ta hau kan ƙyallen da gwiwoyinta. Ta soka a gefen kunne, ta zagaye fuskar, ta cire ta. Yashi ya bayyana a inda take.

"Hular fa?" in ji Yaya daga baya, muryarsa ta sauka. "Duk bakin ruwan nan wa ke sa irinta?"

Ta yanke hular.

"Ga jirginmu can a baya, da facin nan na gefe."

Ta yanke jirgin. Gumi yana ɗiga daga haɓarta. Ta ɗaga kai, ta ga Baba ya daina ɗinki yana leƙe.

"Hannuwan," ya ce. "Yaran nan sun sha dundu da su, ba za su manta ba."

Ta bi yatsun a hankali, ɗaya bayan ɗaya, don kada ta taɓa abin da suke riƙe da shi. Da ta gama ta miƙe ta ja da baya. Rubutun yana nan a sama, tambarin masu tallafi suna nan a ƙasa. A tsakiya babu abin da ya rage sai gidan sauro cike da 'ya'yan kifi, yana rataye a jikin jan layi biyu, iska tana shiga ta ramukan da ke kewaye da shi.

Baba ya karkata kai ya duba da kyau.

"To," ya ce, "yanzu kin kama mai laifi."

Yaya ya goge hannunsa a wando, ya kama gefe guda suka naɗe tare. Ya tsaya yana juya guntayen da aka yanke, bai san inda zai ajiye su ba, daga ƙarshe ya cusa su a ƙarƙashin jirgin. Wayar ta sake rawa. Auta ta mayar wa Baba wuƙarsa, ta saɓa abin da ya rage na ƙyallen, ta nufi titi inda motar zauren taro take lodi.