Shinkafar Kaji

Kwana goma sha biyu kacal maigidan ya yi a ƙasar waje, amma ya dawo da ilimin shinkafa na shekara arba'in. Matarsa, da ta shekara ashirin tana ciyar da shi bai mutu ba, sai ga ta ta koma ɗaliba.

Robobi uku na shinkafa iri-iri ya jera mata a kicin. Doguwa siririya, sai an jiƙa ta. Mai ƙamshi, ba a buɗe mata murfi. Gajeriya mai danƙo kuwa ta kallo ce, sai ran da baƙi suka zo. Har kofin awon ruwa ya sayo, wai hannu ba ya da lissafi.

"Shinkafar kirki, kowace ƙwaya da ƙafarta take tsayawa," in ji shi. "A can haka ake ci."

To, madalla da can. A nan dai mahaifiyarsa, da ke zaune tare da su, ta daina ci. Cokali biyu sai ta ture faranti. Zobenta ma ya fara zamewa daga yatsa. Masanin ya yi nazari, ya gano cewa tsohuwa ba ta saba da abu mai kyau ba ne, sai ya ƙaro wadda ta fi tsada.

Wata rana matar ta zauna dab da ita. Nan ta ga tsohuwa na ta juya ƙwaya ɗaya a dasashi, turamen haƙoranta duk sun zube.

"Haba Mama! Ba za ki faɗa ba?"

"Yaron nan ya yi ɗawainiya, 'yar nan. In ce masa me?"

Tausayi ya kama matar, haushi ya biyo baya. Ta ɗebo tsakin shinkafar da ake watsa wa kaji, ta tsince, ta wanke, ta maka mata ruwa ba awo. Murfi kuwa ta buɗe shi ya fi sau goma, da gayya. Ta bar ta ta yi luguf.

Maigidan ya shigo ya leƙa tukunya. "Subhanallahi! Ai wannan ta caɓe! Kin san a can..."

Sai ya hango mahaifiyarsa tana suɗe faranti da yatsa.

"'Yar nan, da saura?" Sannan ta dubi ɗanta. "Ci gaba da bayaninka, ina jin ka. Wata biyu rabona da in ƙoshi, yau kam zan iya saurare."