Kaset Mai Jan Zare

"Ya cika ranar Talata a asibiti, mun kai shi makwancinsa jiya bayan azahar."

Fulera ta shigo da tiren shayi, goye da jaririyarta, ta tarar da Alhaji Muniru ya duƙa yana maimaita labarin rasuwar a bakin rikoda. Maza huɗu ne a falon marigayi Baba Zuberu, maƙwabcinta a hawa na tara a unguwar Edmonton ta London. Haka 'yan zongon Kumasi suka saba: in nasu ya rasu a London, sai a ɗauki labarin a kaset, kowa ya yi ta'aziyya, a ba mai tafiya Kumasi.

Sai ta ga kwalin kaset ɗin a buɗe kan tebur, da jan zare a gefensa.

Ita ta ɗaura zaren nan. Wata biyu da suka wuce tsohon ya ƙwanƙwasa mata ƙofa, ita da ta sha buga masa bango don saksofon ɗinsa, kakakin nan na Turawa, na tayar mata da yarinya. Shekara talatin yana busa kiɗan jazz a gidajen rawa na unguwar Soho, kullum a bayan wasu, ko faifai ɗaya babu mai sunansa. Ga huhu ya fara ƙi.

"'Yata, zo ki danna mini maɓallin rikoda. Shetu ba ta taɓa jin busata ba."

Shetu 'yarsa ce, ya baro ta Kumasi tana rarrafe. Kwana uku suka yi shi da Fulera suna cika kaset ɗin, yana busa yana tari, ita tana kunnawa tana kashewa.

"Alhaji, don Allah ku dakata."

"Ajiye shayin, Fulera. Ana record."

"Akwai abu a kaset ɗin nan. Da hannuna na ɓalle kunnensa don kada a ɗauki wani abu a kai."

"Mun gani. Mun toshe ramin da takarda." Ko ɗagowa bai yi ba. "Busa ce kawai. Mutum yana kabari, addu'a yake so ko kaɗe-kaɗe? Asirinsa muka rufa."

Alhaji ne ya samar wa mijinta aiki, kuma ba ta taɓa mayar wa Alhajin da magana ba. Ta ajiye tiren a hankali, ta sunkuya ta zare wayar rikodar daga bango, ta ciro kaset ɗin.

"Zan kawo muku sabo."

"Ki ce wa mijinki ina nemansa," in ji Alhaji.

A kicin ɗinta ta kunna. Gefen farko addu'o'i ne daga farko har ƙarshe. Ta juya. Muryoyin nan dai, ɗaya bayan ɗaya, har zaren kaset ɗin ya kusa ƙarewa. Can muryar Alhaji ta yanke, ta ji jan numfashin tsohon mai ƙara, sannan busar ta taso, siririya, tana rawa.

Abin da ya rage wa Shetu bai kai minti biyu ba.

Fulera ta mayar da shi baya, ta ƙara murya. A bayanta yarinyar ta motsa, ta gyara kwanciyar kanta, ta ci gaba da barci.