Sunan da Inna Hansai Ta Ƙi Faɗa

"Inna, cewa ya yi ki faɗi sunan 'yarki," in ji tafinta daga cikin waya.

Harira, maƙwabciyar Inna, ita ke riƙe da wayar. Alƙalin wata ƙasar Turai ne a fuskar wayar, ana shari'ar koro 'yar Inna Hansai gida. Jikarta Zahra'u kuwa, mai shekara huɗu, tana hannun hukumar kula da yara ta can. Lauya ya riga ya yi musu gwari-gwari: in kotu ta gamsu akwai kakar yarinyar a nan Hayin Banki, uwa za ta dawo da 'yarta. In ba haka ba, ta dawo hannu rabbana, yarinya a ba wa wasu.

Inna ta ja mayafi, ta sunkuyar da kai. "Yarinyar nan dai. Ai sun san ta."

Sau uku ana tambaya. Alƙali ya yi ɗan rubutu, ya ɗage zama zuwa Laraba.

"Inna, kin kashe mu!" in ji Harira. "Ina Bature ya san kunyar 'yar fari? Cewa zai yi ba ke kika haife ta ba!"

"Shekara talatin da shida bakina bai taɓa kama sunan nan ba, 'yar nan. Sai yau, a gaban maza?"

Ranar Talata da la'asar tsohuwar ta leƙo ta katanga. "Kunna mini abin naki mai ɗaukar murya in gwada. Kuma ki ba ni wuri, kada ki tsaya mini a ka."

Laraba da hantsi Harira ta yi sallama, ta tarar da ita zaune a tabarma jingine da bango. Ta yi wanka, ta ɗaura atamfarta ta zuwa biki, har da kwalli.

"A'a, amarya, har an shirya?"

Shiru. Harira ta kama hannunta, ta ji shi sanyi ƙalau. Salati ya kufce mata. Matar da jiya-jiyan nan ta daka gero da kanta, ko ciwon kai ba ta yi ba!

Mata ba su gama cika tsakar gida ba waya ta yi ƙara. 'Yar Inna ce daga can.

"Yaya Harira, ina Inna? Saura minti goma a shiga."

Harira ta katse kiran. Ta lalubo muryar jiya ta tura can, sannan ta kunna, don ita ma ba ta saurara ba.

Da farko shiru ne, sai kukan akuya, sai gyaran murya har sau biyu.

"Ni ce Hansai. Sunan 'yata Juwairiyya. Juwairiyya. Ni na haife ta. Don Allah a ba ta 'yarta."

Sai wata 'yar dariyar kunya, kamar ta budurwa.

Wayar ta sake ƙara a gefen tabarma, kusa da takalman Inna da ke jere suna fuskantar ƙofa.