Takardar da Na Zaɓa wa Ilyasu

Wana Ilyasu shi ya yi lakol, wato boko, har Maradi, ni a aji uku na tsaya na koma gona. Shekara biyu ya yi yana haɗa wata manhaja ta salula a ɗakinmu na Gangara. Aikinta ɗaya ne. Makiyayi ya sa hoton yankan kunnen shanunsa, wato shaidar gidansu. In dabba ta ɓata, dillalin da aka kawo wa ita ya duba kunne ya san mai ita. Kyauta.

Ranar da zai sake ta kowa ya samu, ya kira ni gindin gawo.

"Ridwanu, takardun izinin amfani da ita iri biyu ne. Ɗaya ta ce wanda ya ɗauka ya gyara, dole ya bar tasa a buɗe. Ɗaya ta ce ɗauki ka yi abin da ka ga dama."

Na ce, "Yaya, ba sadaka ka ce ba, ladan ya kai wa marigayi Baba? Ka taɓa ganin an ba mutum hatsin sadaka an bi shi gida a ga yadda ya dafa?"

Ya yi dariya, ya ce na fi shi karatu. Ya zaɓi ta biyun.

Makiyaya ba su son baƙo ya san shaidarsu. Inno Habsatu, tsohuwar da ke kawo mana nono tun muna yara, ita ta fara yarda muka ɗauki hoton kunnen nata shanun, sannan sauran suka bi.

Bayan damina wani kamfani ya kwashe manhajar da shaidun duka, ya sauya mata launi, ya kulle ta. Ya ƙulla yarjejeniya da dillalai cewa tasa kaɗai za su buɗe. Wanda bai yi rajista ba, shaidarsa ba ta fitowa.

Sai karsanar Inno ta ɓata, jar nan da take ce wa ɗiyata. Aka ce an ga an loda ta mota an yi yamma. Ranar kasuwa ni da Ilyasu muka isa Gidan Rumji, muka shiga buron wakilin kamfanin, wato ofishin Alhaji Hambali. Yana ganin Ilyasu ya ɗaga murya.

"A'a, mai sadaka! Ku ba shi kujera, shi ya yi mana noman."

Ilyasu ya ce, "Alhaji, shaida ɗaya nike roƙo a buɗe. Yau kaɗai, kafin a sayar da ita."

"Tsohuwar taku ta yi rajista?"

"Ko salula ba ta da ita."

"To mi ya kai kunnen saniyarta cikin na'ura?" Mutanen buron suka fashe da dariya. Ya juyo mana fuskar salularsa. "Ga sunanka nan ƙasa, ƙanana ƙanana, ba mu goge ba. Takardarka ta ce mu yi abin da muka ga dama. Mun ga dama. Da ɗayar ka zaɓa da ban ko taɓa ta ba. Wane gwani ya ba ka shawara?"

Ilyasu bai dube ni ba. Da ma ya duba.

Muka bi kara kara, duk inda ake sayar da shanu, har la'asar. A wajen mahauta muka same ta, kai gefe, fata gefe, yanka biyu a kunnen hagu. Dillalin da ya sayar da ita ya rantse ya duba salula, ta ce masa ba ta kowa ba ce.

Ni na kai wa Inno labari, don Ilyasu ya kasa. Tana wanke ƙwarya, ba ta daina ba.

"Ridwanu, ni ban san kamfani ba. Ku na nuna wa kunnen shanuna."

Har yanzu takan bi ta ƙofarmu da safe da ƙwaryarta a ka. Nakan gaishe ta, ta amsa, ta wuce gidan gaba.