Sabon Kati a Kwamfutar Yaya

Tahira ta kwance noti na ƙarshe, ta zare murfin kwamfutar, sai ƙaiƙayin gero ya tashi ya sa ta atishawa har sau uku.

"Alhamdulillahi," in ji Inna daga bakin ƙofa, tana tsintar wake a faifai. "A hankali dai. Kar ki ɓata wa yaron nan kaya."

Yaron nan shi ne Abdulkabir, ɗanta na fari, wanda ya rasu shekara biyu da suka wuce. Tun yana raye Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, saboda alkunyar ɗan fari, kuma mutuwa ba ta sa ta sauya ba. Shi ne mai ɗaukar bidiyon biki a ƙauyukan da ke kewaye da Zakirai. Ya bar tsohuwar kwamfutar tebur, da wani bidiyon cirar gyaɗa a gonarsu da bai gama haɗawa ba, wanda ba ya buɗuwa sai cikin manhajar da yake aiki da ita. Duk Juma'a bayan la'asar ana kunna shi da wutar sola. Inna takan ce ita ba kallo take ba, wake take tsinta. Waken nan kuwa bai taɓa tsintuwa ba.

Bidiyon ba ya kaiwa ƙarshe. Minti huɗu yake yi, daidai inda Abdulkabir ya sunkuya kan kunyar gyaɗa, sai hoton ya daskare, allon ya yi baƙi. Mako uku da suka wuce kuma ya ƙi kawo hoto gaba ɗaya. Tun ranar Inna ta rage cin abinci, ta ce wai zazzaɓi ne. Shi ya sa ƙanwarsa Tahira, da ta koyi gyaran kwamfuta a Kano, ta hau mota da sassafe da girafik kad a jakarta, wato katin da ke fitar da hoto, na hannu amma ya fi tsohon ƙarfi nesa ba kusa ba.

Ta danna maƙallin, ta ciro tsohon katin. Fankarsa ta ƙame, gefensa ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Ta sa yatsa ta tsinto wani shuɗin zare da ya nannaɗe fankar. Ta dubi babbar rigar Yaya, shuɗiya, da ta cire daga kan akwatin kwamfutar ɗazu.

"Inna, ko tana kunne ma rigar nan tana kai?"

"To da fa? Ana casa a tsakar gida, in bar ta tsirara?"

Tahira ta ajiye katin da zaren a kan tabarma. Tausayi ya kama ta. Shekara biyu Inna tana lulluɓe abin da ya rage mata, zafi kuma yana cin katin a hankali.

Sabon katin ya fi wancan tsawo, sai da ta kawar da wasu wayoyi kafin ya zauna a raminsa, ya yi ƙas. Ta jona masa wayar wuta mai baki shida, ta hure ƙaiƙayin da ya rage, ta mayar da murfi. Ta daɗe tana ɗora masa abin da zai sa kwamfutar ta gane shi. Inna ta miƙe ta ɗauko rigar za ta shimfiɗa.

"Inna, wannan ɗan birni ne," in ji Tahira, tana ƙoƙarin dariya. "Ba ya son mayafi. Sai da iska yake aiki."

Inna ta tsaya da rigar a hannu. Ta dubi ƙonannen katin a kan tabarma, ta dubi zaren da ke gefensa.

"Na da ɗin ma iska yake so, ko?"

"Ya tsufa ne, Inna."

"Ke dai ba ki iya ƙarya ba tun kina ƙarama." Ta zauna, ta ninke rigar a cinyarta. "Kunna mu gani."

Hoton ya fito tangaran, har ana ganin jar ƙasa a jikin gyaɗar. Ga Abdulkabir nan da hular kaba, yana tsokanar masu cira. Minti huɗu ya cika, ya sunkuya kan kunya. Inna ta jawo faifanta, don ta saba nan ne ƙarshe.

Amma hoton bai tsaya ba. Abdulkabir ya ɗago, ya karkaɗe gyaɗar da ya ciro, ya tako har gaban kyamara yana share gumi, yana dariya.

"Wanda zai koma gida ya ce wa Inna ta ajiye min ƙanzo," in ji shi. "Ina zuwa."

Faifan ya zame, wake ya watse a tabarma, ba wanda ya kula. Inna ta rungume rigar a ƙirjinta.

"To," ta ce a hankali. "To, Abdulkabir."

Tahira ba ta waiwaya ba. Ta mayar da bidiyon farko, ta ƙara sauti kaɗan.