Maciji a Kan Birki

Idan zafi ya kankama a tsibirin Pemba, Faki Shaame ba ya buɗe shagon ɗinkinsa ranar Lahadi. Yakan goge shuɗiyar basfarsa, ya ɗauki matarsa Bimkubwa a baya, su bar garin Wete su bi hanyoyin ƙauye, ba don suna da wurin zuwa ba. Shi dai iskar yake so, yadda take shiga ta hannun riga ta busar da gumi, ga ƙamshin kanumfarin da aka shanya a bakin hanya. Ita kuwa takan zauna a kaikaice tana ba shi labarin mutanen unguwa.

Ran nan suna ratsa inuwar wasu manyan mangwarori, sai wani abu ya faɗo tim a tsakanin ƙafafunsa. Ya ɗauka ɗanyen mangwaro ne. Da ya leƙa, sai ya ga koren maciji, dogo, siriri, yana warwarewa a kan faffaɗan matakin basfar. A hankali macijin ya ja jiki ya naɗe birkin ƙafa, kansa dab da idon sawun Faki. Ga shi silifa ne a ƙafarsa, ga kuma gangara ta soma.

"Baban Time, ina magana ka yi shiru," in ji Bimkubwa, wadda ke kiransa da sunan 'yarsu.

"Kada ki motsa."

"Ka ji mutum! Yaushe na motsa?"

"Maciji. Yana kan birki."

Ya ji yatsunta sun nutse a kafaɗarsa. Ya saki mai, ya soma matsa birkin hannu kaɗan-kaɗan, don ya san in ya damƙe shi a kan tsakuwar nan, kifewa za su yi su uku. Gudun bai ragu sosai ba. Can ƙasa wani amalanken shanu ya tare rabin hanya. Faki ya ji wani sanyi ya taɓa fatar ƙafarsa, ya wuce, ya dawo.

"Da na rage gudu, ki dira," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"In dira in bar ka da shi? Riƙe kan abinka dai."

Suka gitta amalanken da ƙyar, mai shanun yana ɗaga musu hannu yana murmushi. A ƙarshen gangarar hanya ta miƙe, basfar ta soma tafiyar hawainiya, tana tangaɗi. Dole ya sa ƙafa a ƙasa, amma ko wacce ya ɗaga, macijin zai gani.

Bimkubwa ta zame ta sauka tun ba su tsaya ba. Ta bi gefensa da sassarfa, lemarta a hannu. Ta zura lanƙwasar mariƙin ƙarƙashin cikin macijin, ta yi bismilla, ta fizge. Sai ga shi a sama yana wutsil-wutsil, ya faɗa cikin gonar shinkafa.

Faki ya dire ƙafa, sai ta zame. Shi da basfar suka kwanta a ciyawa.

"Ya sare ka? Nuna mini!"

Ta cire masa silifa, ta juya ƙafar, ta duba har tsakanin yatsu. Babu ko ƙwarzane. Nan ta zauna a ƙasa, ta fashe da kuka.

Mai shanun ya iso ya taya su tada basfar, ya sare musu ɗanyar kwakwa biyu daga cikin kayansa. Suka sha a tsaye a tsakiyar rana, don babu wanda ya yarda ya matsa inuwa.