Wa Ya Sayi Dara?

Maganar ta iso Gwandu ranar kasuwa: wai Sirajuddeen na Kalgo, mai shagon gyaran waya, ya yi wa dara rajista, duk wanda ya sa ta a waya sai kotu. Fiddausi, jikar Hajiya Hadijatu, da ta daɗe tana haɗa wasan dara na waya har ya kusa fita, tana ji ta ce gogewa za ta yi.

"Kar ki taɓa komai," in ji Hajiya. Tsohuwar shugabar makaranta ce, ba ta karɓar "an ce" ko daga bakin liman.

Bayan la'asar ta sauka a Kalgo. Ta tarar da Sirajuddeen a gindin dogon yaro, inda maza ke dara a ƙasa, wannan da tsinke, wancan da tsakuwa. Mace ba ta zama nan. Hajiya ta gyara mayafi, ta zauna daram a bakin gurabun.

"Hajiya, nan fa wurin maza ne," in ji Malam Jibrin, wani dattijo mai tsinke a hannu.

"Na gan ku. Mai darar nake nema." Ta ɗebi tsakuwa ta fara kasawa, ta dubi Sirajuddeen. "Kai, ɗan nan, ga ni ina yi ba izininka. Hana ni."

"Haba Hajiya..."

"Hana ni, na ce! In ka gama, ka kai Malam Jibrin kotu."

"A haɗa da kakana na Wurogauri," in ji Jibrin. "Shi ya koya min. Sai dai a kai masa sammaci kabari."

Aka kwashe da dariya. Sirajuddeen ya zaro waya yana gumi, ya nuna mata wasan da shi ma ya haɗa: suna a sama, Daran Kalgo, da hoton raƙumi a ƙasa.

"Waɗannan na yi wa rajista. Sauran kuwa, mutane ne suka ƙara."

"Kai kuma ka yi gum, don ta yi maka daɗi."

Hajiya ta jera uku, ta cinye tsinken Jibrin, sannan ta kira Fiddausi a waya, ta ƙure murya kowa ya ji.

"Saki wasanki, jikata. Suna da raƙumi nasa ne. Jera uku a ci ɗaya kuwa ba na kowa ba ne."